Daga Garmaho Zuwa Memori: 'Yan DJ Da Haƙƙin Mai Waƙa

A Kingston, babban birnin Jamaika, cikin shekarun 1950, talaka ba shi da kuɗin shiga manyan otal inda makaɗa ke wasa ido da ido, ba shi kuma da garmaho a ɗakinsa. Abin da yake jira shi ne daren ƙarshen mako, lokacin da wani mai hali zai fito da manyan akwatunan lasifika ya jera a fili, ya kafa garmaho guda, a kwana ana rawa. Mutum biyu suka fi suna a wannan harka: Duke Reid, tsohon ɗan sanda mai shagon barasa, da Clement Dodd wanda aka fi sani da Coxsone. Kiɗan da jama'a ke so a lokacin na baƙaƙen fatar Amurka ne, kuma sai an je can ake samun sababbinsa. Coxsone ya je Amurka ci-rani a gonaki, ya riƙa bin shagunan faifai yana dawowa da akwati cike. In ya dace da faifan da ke tayar da fili, sai ya kankare takardar da ke manne a tsakiyarsa, mai ɗauke da sunan waƙa da na mai ita, don kada yaran abokin hamayya su leƙo su karanta. Haka wani kiɗa na Willis Jackson ya yi shekaru ana kiransa da sunan Coxsone, kafin Duke Reid ya gano asalinsa ya samo nasa kwafin.

Abu biyu ne a wannan labari, kuma har gobe a kansu ake ja-in-ja. Coxsone ya sayi faifan da guminsa, ya ƙetare teku ya ɗauko shi. Da ya iso gida kuma sai ya shafe sunan mai shi. Tun ranar farko jarin DJ aikin wani ne. Bai rera ba, bai kaɗa ba, abin da ya kawo shi ne kunne da sanin wace waƙa ta dace da wane lokaci. Wannan ba ƙaramar fasaha ba ce, duk wanda ya taɓa ganin fili ya mutu a hannun wanda bai iya ba zai shaida. Sai dai fasaha ce da ba ta tsayuwa sai ta jingina da ta wani. Saboda haka tambayar da matasa masu yin DJ don sha'awa suke yi yau, ko laifi ne mutum ya sauke waƙa kyauta tunda bai ɗauki abin sana'a ba, ta girmi intanet nesa ba kusa ba. A da na'ura ce ke tilasta wa mutum ya biya. Yanzu an bar shi da zuciyarsa.

Ɗan sha'awar da ya fi kowa suna a tarihin wannan harka shi ma haifaffen Kingston ne. Clive Campbell ya koma unguwar Bronx ta New York yana yaro a 1967. Ranar 11 ga Agusta 1973 ƙanwarsa Cindy ta shirya casu a ɗakin taron benen da suke zaune a titin Sedgwick, don ta tara kuɗin kayan komawa makaranta. 'Yan mata suka biya senti 25, samari senti 50, yayanta mai shekara 18, wanda ake kira Kool Herc, ya riƙe kiɗa. A irin waɗannan taruka ya lura cewa masu rawa sun fi zabura a daidai gurbin da mawaƙi ya yi shiru aka bar ganguna su kaɗai, gurbin da bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Sai ya riƙa sayen kwafi biyu na faifai ɗaya, kowanne a kan nasa garmahon. Wannan na ƙarewa ya saki wancan, ya mayar da allurar na farko baya, gurbin ya yi ta zagayowa. A kan wannan dabara aka gina hip-hop. Yaron da ba shi da albashi, don ya yi abin da ransa ke so, sai da ya biya kuɗin waƙa ɗaya sau biyu. Ba wai ya fi yaran yanzu tsoron haƙƙi ba ne, hanyar ce guda ɗaya tak. Shi ma kuwa yakan jiƙa faifansa a ruwa ya ɓare takardar.

Masu kare saukewa kyauta sukan ce ai tun fil azal 'yan DJ ba sa sayen waƙa, ba su ake yi. Akwai gaskiya a ciki, kuma ya kamata a duba yadda bayarwar take. Lokacin da kiɗan disko ya tashi a New York, kamfanonin faifai sun gane cewa waƙa tana iya shiga kasuwa ta gidan rawa ko da rediyo bai taɓa sa ta ba. Amma rabon faifan talla ya zama na wulaƙanci: DJ zai yi ta zarya ofis-ofis, a ba wanda aka sani, a hana wanda ba a sani ba, wasu kuma da ba 'yan DJ ba su karɓa su je su sayar. A 1975 David Mancuso, mai shirya casu a gidansa da ake kira The Loft, da Steve D'Acquisto da wasu abokansu suka kafa ƙungiya. Kamfani zai kawo sababbin faya-fayai wuri ɗaya, kowane mamba yana da akwatinsa, ya zo ya kwashi rabonsa. Sharaɗin shi ne ya cike takarda: wace waƙa ya sa, yaya fili ya karɓe ta, wacce ta faɗi ƙasa warwas. Mamba yana biyan ɗan kuɗin gudanarwa, kuma sai an tabbatar yana da wurin da yake kiɗa kafin a karɓe shi.

A nan nake ganin bakin zaren yake. Kyautar ta fito ne daga hannun mai abu, yana sane, kuma yana jiran wani abu ya dawo masa. Ya san sunan wanda ya ba. In ya ga ba riba, gobe ya hana. Har yau wannan al'ada tana nan: makaɗi ya aika wa DJ sabon aikinsa kafin ya fita, ko ya ɗora shi a SoundCloud ya ce kowa ya ɗauka. Wanda ya karɓi irin wannan babu abin da ya ci na kowa. Abin da bai halatta a haɗa da shi ba shi ne waƙar da mai ita ya sa wa farashi, wani ya zagaya ta baya ya ɗauke, sannan ya ce ai talla yake yi masa. Tallan da ba a nema ba, wanda aka yi da kayan da ba a bayar ba, mai kayan ne kaɗai ke da ikon cewa ya yafe.

Kada kuma a ɗauka zamanin faifai zamanin adalci ne. Sayen faifai ba ya nufin kuɗin ya kai ga wanda ya yi gumi. Su Coxsone, da kiɗan Amurka ya canza salo suka rasa abin sa wa jama'arsu, sai suka fara ɗaukar yaran Kingston a faifai, aka samu kiɗan ska, aka samu situdiyon Coxsone mai suna Studio One a 1963. Da yawa cikin mawaƙan nan sun yi ta kokawa daga baya cewa kuɗin rana ɗaya aka ba su, waƙar ta zama ta mai situdiyo. A Amurka, wata ƙungiya mai suna The Winstons ta fitar da wani kiɗa a 1969 mai ɗauke da gurbin ganga na daƙiƙa shida ko bakwai. Dubban waƙoƙi aka gina a kan wannan gurbi, a hip-hop da kiɗe-kiɗen rawa na Ingila. Gregory Coleman, wanda hannunsa ya kaɗa shi, ya rasu a 2006 a Atlanta ba shi da matsuguni, bai ga sisi daga ciki ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sai a 2015 wasu 'yan DJ biyu a Birtaniya suka buɗe asusun taimako, aka tara fam 24,000 aka miƙa wa Richard Spencer, jagoran ƙungiyar. Babu kotun da ta sa su. Sun dai duba sun ga sun daɗe suna ci daga kwanon mutumin da bai san da su ba.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya fara ba talaka ikon kwafa a gida, har kamfanonin faifan Birtaniya suka yi gangami a 1981 suna cewa kwafar gida na kashe waƙa. Bai taɓa 'yan DJ sosai ba, domin ba a iya kama zaren kaset da hannu a ja shi gaba da baya kamar faifai. A ƙasar Hausa kuwa kaset ya tarar da wani tsari dabam. Makaɗinmu bai taɓa dogara da cinikin faifai ba. Yana da ubangida, yana da fili, ana yi masa kyautar riga da doki da mota, ana yi masa liƙi. Kamfanoni irin su EMI sun buga faya-fayan su Mamman Shata, amma arzikin Shata daga hannun mutanen da ya wasa ya fito. Da Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafar kaset, kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a littafinsa na 2008, yaɗuwar murya ta ƙara wa makaɗi gayyata ne. Kuma dole a faɗa: da yawa daga waƙoƙin su Narambaɗa da Ɗan Anace da Ɗanƙwairo da muke ji yau, kwafar hannu-da-hannu ce ta tsirar da su. Wanda ya adana abin da babu inda ake sayar da shi ya yi wa al'umma hidima, ban sa shi a layi ɗaya da mai ɗauke sabon aikin yaron da ke fafutuka ba.

Sai aka zo kan MP3. Injiniyoyin cibiyar Fraunhofer a Jamus, ƙarƙashin su Karlheinz Brandenburg, suka gano yadda za a matse waƙa ta ragu kusan ninki goma ba tare da kunne ya ji bambanci sosai ba, aka raɗa wa tsarin suna a 1995. A Yunin 1999 Shawn Fanning, ɗalibi a Boston mai shekara 18, ya saki Napster, manhajar da ke ba kowa damar leƙa kwamfutar kowa ya kwashi waƙa. Ƙungiyar kamfanonin faifan Amurka, RIAA, ta kai ƙara a Disambar shekarar, mawaƙan Metallica suka bi baya a Afrilun 2000, aka rufe Napster a Yulin 2001. Rufewar ba ta mayar da komai baya ba, Kazaa da LimeWire da ire-irensu suka gaje shi. Cinikin waƙa a Amurka, wanda ya kai dala biliyan 14.6 a 1999, ya sauko zuwa kusan biliyan 7 a 2014.

Da farko 'yan DJ na gefe suna kallo, domin fayil ɗin kwamfuta ba shi da jikin da za a taɓa. Shekara uku zuwa huɗu suka rushe wannan katanga. Pioneer ta fito da CDJ-1000 a 2001, na'urar da ke ba mutum damar murza faifan CD kamar na garmaho, kuma tana karanta wanda aka kwafa a gida. Final Scratch ya zo a daidai wannan lokaci, Virtual DJ a 2003, Serato Scratch Live daga New Zealand a 2004. Daga nan akwatunan faifai masu karya baya, waɗanda mutum ke shekara goma yana tarawa, suka koma cikin kwamfutar tafi-da-gidanka. Alheri ne babba, ba na musu. Yaron da a da ba zai taɓa mallakar garmaho biyu ba ya samu ƙofa. Amma a wannan ƙofa ce aka raba sa waƙa da biyan kuɗinta, abubuwa biyu da tun zamanin Coxsone suke ɗaure da igiya ɗaya.

Martanin kamfanoni ya ɓata lamarin fiye da yadda ya gyara. A Satumbar 2003 RIAA ta maka mutum 261 a kotu rana ɗaya, cikinsu har da yarinya 'yar shekara 12 a New York, wadda mahaifiyarta ta biya dala 2,000 aka sasanta. Wata uwa a jihar Minnesota aka yanke mata dala 222,000 a kan waƙa 24. Kafin a daina wannan farauta a ƙarshen 2008 an bi ta kan mutum fiye da 30,000. A Italiya an ci wani DJ tarar yuro miliyan 1.4 a 2005 saboda fayilolin da aka samu yana amfani da su a gidan rawa. Wanda ya fi nuna fuska biyun kamfanoni shi ne na Atlanta: a Janairun 2007 'yan sanda tare da jami'an RIAA suka dira situdiyon DJ Drama da Don Cannon, suka kwashe faya-fayai kusan 81,000, alhali mawaƙan manyan kamfanonin da kansu suke kai masa waƙa don ya haɗa ya yaɗa a titi. Matashin da ya ga wannan ya yanke hukuncin cewa haƙƙin mallaka sandar masu kuɗi ce kawai. Tun daga lokacin, duk wanda ya ce a biya mawaƙi sai a yi masa kallon ɗan koren kamfani, kuma ƙananan mawaƙa ne suka kwana a ciki.

Hanyar halal ma da ta zo, da ƙaya ta zo. Apple ta buɗe shagon iTunes a Afrilun 2003, waƙa ɗaya senti 99, amma an sa wa fayilolin makulli, manhajojin DJ ba sa iya buɗe su. Wanda ya biya sai ya tashi da abin da ba zai yi masa aiki ba, wanda ya ɗauka a ɓoye ya samu mai aiki. Sai 2009 aka cire makullin gaba ɗaya. Beatport, wanda wasu 'yan harkar suka buɗe a Denver a 2004, shi ya fara sayar wa DJ abin da yake buƙata: fayil mai tsabta, babu makulli, dala ɗaya da wani abu zuwa biyu. Bandcamp ya biyo baya a 2008. Daga nan uzurin cewa babu inda za a saya ya faɗi, aƙalla ga mai katin banki da ke aiki a ƙetare.

Uzurin da ya rage shi ne na ɗan sha'awa: ni a ɗakina nake yi, ba na samun ko kwabo, da ban sauke ba ma ba zan saya ba, to wa na cuta? Ina ganin nauyin wannan magana, musamman ga mai koyo da ke buƙatar waƙoƙi da yawa don hannunsa ya faɗa. Amma tana da rami biyu. Na farko, iyakar da ke tsakanin sha'awa da sana'a ba ta da shinge. Yau a ɗaki, gobe bikin 'yar ƙanwar uwa, a ba shi na mai, jibi wani ya karɓi lambarsa. Ranar da ya fara karɓar kuɗi yana zaune a kan dubban waƙoƙin da bai biya ba, kuma ban taɓa jin wanda ya koma baya ya biya su ba. Na biyu, ɗan sha'awa na gaske ba waƙar da ke kowane rediyo yake farauta ba. Alfaharinsa shi ne ya zaƙulo wadda ba a sani ba, ta wani makaɗi da ke haɗa kiɗa a ɗakinsa bayan ya taso daga aiki. Irin wannan kiɗa ba shi da wasu masu saye sai 'yan DJ. Babban tauraro ba zai san an ɗauki waƙarsa ba. Wanda duk kasuwarsa 'yan ɗaruruwan mutane ce, kowane kwafi ɗaya yana ji a jikinsa.

A yankinmu intanet bai ma zama dole ba. Wayar salula mai memori da Bluetooth ta wadatar. Kowa ya san rumfar cajin waya: allon soket cike da wayoyi, janareta na kuka a baya, tsohuwar kwamfuta a kan benci. Yaro ya zaro memori daga wayarsa ya miƙa ya ce, "A cika min da sababbi." Mai rumfa ya buɗe jakunkuna, ga na Hausa, ga na Indiya, ga na Kudu, ga ƙasidu, ya ja ya zuba, a biya shi ladan turawa. Sau da yawa sunan fayil ɗin ba na mawaƙin ba ne, lambobi ne ko sunan shafin da aka sauko da shi, wani lokaci ma da muryar wani a kan waƙar yana tallan kansa. A Legas kuwa, a zamanin da kasuwar Alaba ke riƙe da rarraba faifai, mawaƙa da kansu suke biya don a sa waƙarsu cikin haɗin da 'yan DJ ke yi wa 'yan kasuwar.

Labarin Mdou Moctar ya nuna ƙarfin wannan hanya da kuma iyakarta. Ba'abzine ne ɗan Nijar mai kaɗa jita. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, da salon situdiyon waƙoƙin fina-finan Hausa, murya ta bi ta na'ura. Ba a fitar da shi kasuwa ba, amma ya bi wayoyi ya ratsa Sahara. Wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, da ke tattara waƙoƙi daga memorin mutane a Kidal ta arewacin Mali, ya ci karo da ɗaya daga ciki. Da ya tashi buga tarin a faifai a 2011 da sunan Music from Saharan Cellphones, sai ya tsaya neman masu waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, aka yi yarjejeniya cewa kashi 60 cikin ɗari na abin da aka samu nasu ne. Turawa kyauta ta kai muryar Mdou inda ƙafarsa ba ta je ba, wannan gaskiya ne. Amma shekarun da waƙar ta yi tana yawo ba su kawo masa komai a aljihu ba, sai da wani ya ɗauki wahalar tambayar wane ne wannan, ina yake. Yau yana zagaya duniya, kamfanin Matador na Amurka ke fitar da aikinsa.

A bikin Hausa na yau abin ya fi fitowa fili. A da in ana son kiɗa sai a ɗauko makaɗi, liƙi ya zuba a goshinsa. Yanzu a wurin kamu ko dina, DJ ne a gefen rumfa da kwamfutarsa, muryar Nura M. Inuwa ko Ali Jita ko Ado Gwanja ko Hamisu Breaker na fita daga lasifika, ƙawayen amarya na zuba kuɗi, a tattara a raba yadda aka shirya tsakanin masu biki da MC da DJ. Mai muryar ba ya wurin, ba ya cikin rabon. Manyan mawaƙa sun sami hanyarsu: gayyata, waƙar siyasa, waƙar amarya da ango da ake biya a yi musamman, da kuɗin YouTube. Da yawansu da gangan suke sakin waƙa kyauta, kuma wannan zaɓinsu ne, babu laifi a kan wanda ya ɗauka. Damuwata tana kan na ƙasa da su, da kuma mai haɗa kiɗa a situdiyo, wanda aka sallama da kuɗin aiki sau ɗaya, kiɗansa na tayar da fili a garuruwan da bai taɓa zuwa ba.

Dole a yi wa matashinmu adalci a nan. Ko ya so saye, hanya ba ta miƙe masa ba. A 2022 bankunan Najeriya suka rage abin da katin naira ke iya kashewa a ƙetare zuwa dala 20 a wata, daga baya da yawa suka dakatar gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka dawo da shi. Dala biyu a kan waƙa ɗaya, in aka juya ta naira, kuɗin abincin yini ne. Boomplay da Audiomack da Spotify, wanda ya shigo Najeriya a 2021, na saurare ne, ba su sayar maka da fayil. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris 2023 ta tanadi hanyar sa a cire aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba, amma babu mai tsammanin za ta bi yaro har ɗakinsa. Don haka maganar ta koma ta amana. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira abin karewa ne a Shari'a, ba ya halatta a keta shi. Malamai sun yi saɓani a kan kiɗa kansa, amma wanda ya riga ya yarda ya sa waƙar ba zai fake da wannan saɓani ya cinye gumin mai ita ba. Kuma mu nan muna da abin da ɗan Turai ba shi da shi: mawaƙin yana kusa, lambarsa na kan shafinsa, tura masa kuɗi ta waya bai fi minti ɗaya ba.

Lissafin yau ya nuna yadda ɗan abin da ɗan sha'awa zai bayar yake da nauyi. Abin da Spotify ke biya a kan saurare ɗaya bai kai rabin senti ba, kuma daga 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ba ta samun komai. A Bandcamp shagon na cire kashi 15 cikin ɗari, ragowar bayan kuɗin banki ya tafi ga mai aiki. Wato sayen waƙa ɗaya a dala guda ya kai a saurare ta wajen sau ɗari biyu. Ranar 20 ga Maris 2020, da korona ta rufe gidajen rawa, Bandcamp ya yafe kasonsa na yini ɗaya, mutane suka kashe dala miliyan 4.3. Babu wanda ya tilasta musu, kuma kusan duk abin da suka saya ana iya samunsa kyauta a wani lungu.

Tun 2019 Beatport da wasu suka fara ba da haya: DJ ya biya kuɗin wata, waƙoƙi su shigo manhajarsa kai tsaye, ranar da ya daina biya su ɓace. Ya sauƙaƙa wa mai koyo, sai dai abin da ke isa ga makaɗi ta nan ɗan kaɗan ne. Ganin haka Zak Khutoretsky, DJ ɗin Amurka da aka fi sani da DVS1, ya buɗe Aslice a 2022. Tsarin mai sauƙi ne: bayan wasa DJ ya miƙa jerin waƙoƙin da ya sa, ya ware wani abu daga ladansa, an ba da shawarar kashi 5 cikin ɗari, a raba wa waɗanda suka haɗa kiɗan. Cikin shekara biyu da 'yan watanni an raba sama da dala 400,000 ga dubban makaɗa. A 2024 aka sanar da rufe shi, kuma dalilin da masu shi suka bayar shi ne ƙalilan ne suka shiga daga cikin manyan 'yan DJ, masu karɓar dubban daloli a dare ɗaya.